Ɓerayen da Suka Ƙaryata Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakin da ke jikin turken awaki a gidan Baffa, nan unguwar Nassarawa, Birnin Kebbi. Kafin azahar gidan ya cika da mutanen da rabonsu da leƙa ɗakin nan tun tana iya tsawa.

Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsu suna shigowa. Kowace ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ce ya haƙuri, sannan ta ƙara da maganar da kowa ya zo da ita daga gida: ai ta huta. Wata maƙwabciya, wadda ko ruwa ba ta taɓa miƙa wa Gwaggo ba, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki, salula ta cinye baiwar Allah. Ni tun lokacin ban bari ɗiyana su kwana da waya kusa ga kai." Mata suka yi ta gyaɗa kai. A zaure kuwa Baffa ne, ƙanin Gwaggo, yake karɓar gaisuwa, yana fyace hanci da ƙarfi don a jiyo shi daga titi. Ya iya kuka, Baffa. Wanda bai san gidan ba sai ya ce uwa ya rasa.

Na ji an ce ta huta har kunnena ya gaji, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Idan na yi shiru, abin da zai rage na Gwaggo shi ne tsohuwar da waya ta haukata, kuma wallahi ba haka aka yi ba.

Ba zan yi mata kwalliya ba don ta mutu. Gwaggo ba ta da daɗin baki. Mijinta ya rasu da wuri, ɗanta na fari ya bi shi, ba ta sake haihuwa ba, sai ta dawo gida ta kama gumin shinkafa, ta kama mu da ido. Tana zaune gaban tukunyarta, goro a kumatu, kuma babu abin da ke wuce ta. Ta san wanda ya yi fitsarin kwance har ya fara gemu. Ta san wadda aka koro daga gidan miji da dalilin da aka ɓoye. Ta san wane alhaji ne a danginmu aka taɓa kamawa da albasar mutane a fadamar Ambursa yana saurayi, kuma takan tuna masa ranar da ya fi shiga babbar riga. Idan ka musa, sai ta tofar da goro a gwangwani ta ce, "Ina nan anka yi." Daga nan magana ta ƙare.

Ni kaina na sha. Da na yi ɓari a shekarar farko ta aurena a Gwadangaji, ita ce ta zo da shinkafa da man shanu, ta zauna tana gasa mini jiki har na miƙe. Amma duk zaman nan bakinta bai huta ba, tana zagin mijina, tana zagin dangin mijina, tana cewa da na ji maganarta da ban ɗauki turmi da ciki ba. Ina kuka tana tura mini loma.

Duk da haka ba a iya yi sai da ita. A danginmu, kafin a kai goron neman aure tsakanin 'yan uwa, sai an je gaban Gwaggo an tambaye ta ko akwai nono tsakani. Matan da can suna shayar da 'ya'yan juna ba tare da wani biki ba: wannan ta tafi rafi, waccan ta kwanta zazzaɓi, jariri yana kuka, sai wadda ke kusa ta ba shi. Wanda kuwa ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan uwansa, babu aure har abada. Mazan gida ba sa ganin waɗannan abubuwa. Gwaggo ce ke gani, ita ce ke riƙewa. Ta hana aure fiye da ɗaya, ba wanda ya taɓa ja da ita.

Da sabis ɗin waya ya fara shigowa Birnin Kebbi, Baffa, da yake injin casar shinkafarsa ya fara kawo masa rufin asiri, ya saya mata salula. Don a gani ya saya, ba don Allah ba. Ya miƙa mata a gaban baƙi. Gwaggo ta juya abin a hannu ta ce, "To, yanzu zagi na ya samu mota." Haka kuwa aka yi. Ba ta san lamba ko ɗaya ba, sai 'yar Baffa ta danna mata, ita kuma ta cusa wayar cikin ɗankwali, ta manne ta a kunne, hannayenta suna juya shinkafa. Daga safe zuwa la'asar tana tuhumar mutanen Ambursa da na Argungu, wa ya haihu bai aiko ba, wa ya ƙi zuwa gaisuwa. Ko ba ta magana, wayar tana nan cikin ɗankwali.

Wannan 'yar Baffan ita ce ran Gwaggo. Uwarta ta rasu da jego, Baffa yana can kudu fataucin albasa, sai Gwaggo ta ɗauke ta tana jinjira ta raine ta a ɗakinta. Ita kaɗai ce ban taɓa jin Gwaggo ta zaga da gaske ba.

Sai yarinya ta girma, suka daidaita da ɗan Innar Argungu, wato matar marigayi babban wan mahaifinmu. Ba wanda ya tilasta musu, son juna suke, kowa ya sani. Baffa yana so, don yaron ne ke kula masa da inji. Innar Argungu tana so, don ɗanta zai shiga inuwa. Aka zo gaban Gwaggo don cika al'ada kawai, ana dariya, har an sayo goro.

Gwaggo ta ajiye muciya ta ce, "Babu aure. Ta sha."

Ta faɗi yadda aka yi. Da uwar yarinyar ta rasu, jinjira ta ƙi madarar shanu, tana ta amai, har kukanta ya fara dushewa. Gwaggo ta goya ta, ta shiga motar kasuwa zuwa Argungu, inda Innar Argungu ke goyon autanta. A can yarinyar ta sha har ta yi ƙwari, sannan aka dawo da ita aka ci gaba da kunu. "Ni nig goya ta, ni nim miƙa ta. Ina nan anka yi."

'Yar Baffa ta fashe da kuka ta ce, "Gwaggo, ba ki so in bar ɗakinki na, shi ke nan." Na ga fuskar Gwaggo a lokacin. Ta juya ta koma ga tukunya.

Aka kai maganar wurin malamin unguwa. Ya ce maganar mace ɗaya ba ta isa ta haramta aure ba sai an sami ta biyu, amma wanda ke tsoron Allah, idan tsohuwa mai hankali ta faɗi irin wannan, gara ya janye. Baffa ya riƙe kalma biyu daga cikin maganar, "mai hankali", ya tafi da su gida.

Ni na raka Gwaggo Argungu neman shaida ta biyu. Mun tarar da Innar Argungu a bayan gida tana bandar kifi, hayaƙi ya cika wurin. Gwaggo ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ke, hwaɗa musu abin da kis sani."

Innar Argungu ba ta ɗago ba, tana juya kifi a kan ragar ƙarfe. Ta ce, "Yaya, kin kawo ta, gaskiya ta. Amma madarar shanu nib ba ta da cokali."

"Da cokali?"

"Da cokali, Yaya. Kin manta na."

Gwaggo ta tsaya tana dubanta har hayaƙin ya sa ni tari. Sannan ta ce mini mu tafi. A mota ba ta zagi kowa ba, ko yaron motar da ya taka mata ƙafa. Wannan ne karo na farko da wani ya ce wa Gwaggo ta manta.

Cikin makon nan Baffa ya ji wani shiri a rediyo. Ni ma na ji shi a gidana. Mai shirin ya ce masu bincike a ƙasar Turawa suna ajiye ɓeraye kusa da irin tururin da salula ke fitarwa, don su ga ko yana taɓa musu ƙwaƙwalwa, ko suna manta abin da aka koya musu. Ya ce wasu sun ga alamar illa, ya kuma ce ba a tabbatar ba ko haka abin yake ga mutum. Wannan na ƙarshen bai iso gidan Baffa ba. Abin da ya iso, ya kuma zaga zaure da masallaci da wurin injin casa, shi ne Turawa sun gano waya tana narkar da ƙwaƙwalwa. Baffa yakan rage murya, kamar abin yana ci masa rai, ya ce, "Kusu ɗan ƙanƙane anka aje mai ita nesa, ya manta raminai. To ina ga Yaya, da ke ɗaure da ita ga kunne wuni guda?"

Ku ga yadda mutane suka karɓi maganar. Alhajin albasa ne farkon wanda ya ce shi ma ya lura. Wadda aka koro daga gidan miji ta ce lallai, kwanan nan Gwaggo tana haɗa labarin da ba a yi ba. Duk wanda Gwaggo ke riƙe da sirrinsa ya wayi gari da sauƙin numfashi. Ba ɓerayen suka gaskata ba, hutu suka samu.

Da labarin ya zo kunnen Gwaggo, ta yi abin da ya yi kama da ita, kuma shi ya kayar da ita. Ta zare wayar daga ɗankwali, ta shiga ɗakin ajiyar shinkafa inda ɓeraye suka addabe ta, ta ɗora ta kan buhu ta bar ta kwanaki. Sannan ta kira matan gida ta nuna musu sabuwar huda a gindin buhun, da ƙaiƙayi warwatse. Ta ce, "Ku gaya ma mai gidanku, kusun gidanga bai manta hanyar shinkafa ba. Ko na Turawa ne ba su da wayo?" Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Kafin la'asar Baffa yana zaure yana girgiza kai, yana cewa abin ya kai Yaya tana ba ɓeraye waya su yi magana.

Daga nan ya ce zai kai ta asibiti, don kada a ce ya yi sakaci da yayarsa. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne, likitan saurayi ne ɗan kudu, bai daɗe da zuwa ba, ba ya jin Hausa. Baffa ne tafinta. Ni na riƙe mata mayafi, ina tsaye a bayanta.

Likita ya tambaya, Baffa ya juya: yau nawa ga wata? Gwaggo ta faɗi kwanan watan Musulunci daidai. Baffa ya ce wa likita wani abu gajere, likita ya dubi kalandar bango ya rubuta wani abu. Shekarunta nawa? Ta ce an haife ta shekarar da fari suka cinye gero, kafin a yi wa babanta rawanin unguwa. Baffa ya buɗe hannaye. Sai likita ya ce a tambaye ta sunan mijinta.

Wanda duk ya tashi a ƙasar nan ya san macen zamanin Gwaggo ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya mutu. Ko wani yaro aka raɗa wa irin sunan, sai ta laƙaba masa wani. Baffa ya sani, a bayanta aka goya shi. Ya dube ta ido cikin ido ya ce, "Yaya, likita ya ce mi as sunan mijinki?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"To ɗanki na fari fa? Mi as sunanai?"

Shi ma ba a faɗa, balle wanda ke kabari. Na ga yatsunta suna murza bakin zane. Na ce, "Baffa, ai ka san kunya ce, gaya masa ba a faɗa." Ya juyo ya ce in rufe masa baki, manya na magana, kuma bai fassara ba. Likitan ya dubi tsohuwar da ba ta san wata ba, ba ta san shekarunta ba, ba ta san sunan mijinta ko na ɗanta ba. Ya yi magana mai tsawo cikin tausayi. Ban ji Turanci sosai ba, amma na ga ya nuna wayar ya kaɗa hannu, alamar ba ya ganin ita ce sanadi. A hanya Baffa ya taƙaita mana: gigin tsufa ne, kuma likita ya ce a raba ta da salula.

A tsakar gida aka karɓe wayar, gaban kowa. Baffa bai yi da hannunsa ba, ya fi haka wayo. 'Yarsa ya tura. Yarinyar ta zo ta durƙusa, ta sa hannu cikin ɗankwalin da ta saba gyarawa, ta zaro wayar tana cewa, "Don lafiyarki na, Gwaggo." Gwaggo ba ta hana ta ba. Ta ce kawai, "Hannunki ya yi sanyi, ki sa rigar kirki."

Malam ya ji an ce likita ya tabbatar, ya ce to, shaida ɗaya ce dama, ita ma ga halin da take ciki. Aka ɗaura aure. An yi shinkafa har ta yi saura, kuma shinkafar gumin Gwaggo ce.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar asibiti muni, don shi a hankali aka yi shi. Aka daina zuwa tambayarta nono. Aka daina kiranta suna da biki. Aka ce wuta haɗari ce gare ta, aka ɗauke tukunyar gumi, aka mayar da ita ɗakin jikin turke. Baƙi idan sun zo, matan gida sukan kawo su su tsaya a kanta, su nuna wani su ce, "Gwaggo, wane na wanga?" Da farko takan kalle su ta tofar da goro, ta ƙi amsawa don raini. Sai su dubi juna su ce ka gani ko. Idan kuma ta amsa, ta haɗa da tarihin uban mutum, sai a ce yau abin ya motsa. Yaran gida suka sa mata Gwaggo Kusu, suna kara murfin kwalba a kunne suna tsalle a ƙofarta, iyayensu suna jin su.

Mutum ba dutse ba ne. Shekaru suna tafiya, ba mai tambayarta komai, ba mai gaskata ta a kan komai, sai ta fara sakin abubuwa da gaske. Ta fara kirana da sunan uwata. Ta fara neman muciya a ƙarƙashin tabarma. Ban sani ba ko tsufa ne da zai zo dama, ko zaman ɗakin ne, Allah ne masani. Na dai san ba waya ba ce, don a lokacin ta shekara da shekaru ba ta taɓa ta ba. Baffa kuwa ya samu abin da yake nuna wa mutane, yana cewa da ba a karɓe wayar da wuri ba da abin ya fi haka. Har wani lokaci na ji a rediyo an ce wasu masu binciken sun gwada nasu ɓerayen sun ga akasin na farko. Na kai wa Baffa labari. Ya ce shi yanzu ba ya sauraron rediyo, ƙarya ta yi yawa.

Abu ɗaya bai sake ta ba. Duk ranar da 'yar Baffa ta zo gida da yaranta, ta leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, Gwaggo takan ɗago, ko ba ta gane kowa ba ranar, ta ce, "Ta sha." Sai a ja yaran a yi gaba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, ina zaune a ɗakin Gwaggo ina naɗe 'yan zannuwanta, sai Innar Argungu ta shigo da sanda. Ta tsufa ƙwarai, ido ya fara yin fari. Ta zauna a kan tabarmar ba tare da ta gaishe ni ba. A tsakar gida jikokinta, 'ya'yan auren nan, suna guje-guje. Sai wayata ta yi ƙara, na ɗauka, na ce zan kira daga baya. Ta bi hannuna da ido.

Ta ce, "Ɗiyata, ke da kin ka ji boko kaɗan. Abin nan da anka ce, na kusu. Gaskiya na? Tana sa mantuwa?"

Na ce ban sani ba, Inna, masu binciken ma ba su daidaita ba.

Ta ɗaga gefen ɗankwalinta. Ga wata tsohuwar salula manne a kunnenta, ta goge har lambobin sun ɓace. Ta ce, "Tun bayan bikin nis sa anka saya min. Kullum tana nan, ko ban kiran kowa. Ba ta aiki, ɗiyata, ban manta komi ba. Har yau ina jin bakin yarinyar nan ga nonona na hagu."

Ta mayar da ɗankwalin, ta dafa sanda ta miƙe. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da 'yar Baffa, goye da jariri, ɗauke da kwanon fura, tana cewa, "Inna, ga fura, ki sha kafin mota." Innar Argungu ta karɓa ta sa mata albarka.

Shaida ta biyu ke nan da malam ya nema, ta iso kwana uku bayan an rufe ta farko da ƙasa.

Allah ya gafarta wa Gwaggo zafin bakinta, ya yalwata mata makwanci fiye da ɗakin da aka ba ta, ya sa tambayar kabari ta zo mata da sauƙi, a wurin da ba a bukatar tafinta. Sauran kuma da suka ce ta huta, su yi ta cewa. Na ji abin da na ji da kunnena, da rana tsaka, kuma ban yi gigi ba tukuna. Ina nan aka faɗa.